Burodi Huɗu a Bonaire

Lahadi, 28 ga Afrilu

Mun iso tsibirin Bonaire jiya da yamma. Gidan da muke haya a hannun Soraida yana nan yadda muka bar shi shekara biyu da suka wuce, har ƙofar banɗakin da ba ta rufuwa sai an sa mata kafaɗa. Soraida ta rungume ni ta ƙi saki. Ba ta ambaci sunan mijina Douwe ba, ni ma ban ambata ba. Ta miƙo min makullin a-kori-kurarta da muke haya duk zuwa, ta ce, "Wietske, kin rame. Yunwa ake yi ne a Holan?"

'Yata Marrit da jikata Jildou sun ɗauki ƙaramin ɗaki, sun bar min babban, wai girmamawa. Da sun tambaye ni da na ce ba na so.

Da safe kowa ya zuba nasa a lalita, kamar yadda muka saba. Jar lalitar Douwe ce, wadda ruwa ba ya ratsawa. Dokar mijina kuwa ba ta da kwana: kuɗin hutu wuri ɗaya, hannu ɗaya ke riƙewa, in sun ƙare hutu ya ƙare, ba mai ciro kati. Shi ke riƙewa da, yanzu ni. Marrit ta zuba nata, na san da ƙyar ta haɗa tunda mijinta ya tattara komatsansa ya bar ta da kuɗin haya. Jildou ta zuba dala ɗari huɗu da ashirin, sababbi fil.

"Kaka, wannan ba na cefane ba ne fa. Na koyon nutso ne."

Hutun bazarar bara gaba ɗaya ta yi shi tana ɓare albasar furanni a rumbun wani manomi, har farcenta ya tsattsage. Shekararta goma sha biyar, taurin kai na kakanta.

Na ce na ji. Na ja zif.

Litinin, 29 ga Afrilu

Cefane. Komai a tsibirin nan jirgi ke kawo shi, kuma kamar jirgin ake sayar maka. Tumatir uku a leda, kuɗin kaza guda a gida. Da ma na ƙunso cuku mulmule biyu da gahawa a akwati, ban haukace ba da zan sayi cukun ƙasarmu a nan ninki uku.

Muna jera kaya a firji Marrit ta ce, "Mama, baƙo za mu yi?"

Kifi huɗu, burodi huɗu, kindirmo gwangwani huɗu. Na ce rangwame ake yi in ka ɗauki huɗu. Ba a yi wani rangwame ba.

Talata, 30 ga Afrilu

Jildou ta tashi da wuri ta sa rigar iyo a ƙarƙashin kayanta. Na ce yau ranar bikin garin Rincon ce, shagon masu nutso a rufe yake. Ban duba ba. Su biyun suka tafi kallon biki da Soraida, na ce kaina na ciwo.

Da rana ina kwance, fanka na juyawa, sai na ji. Ƙarfe a kan ƙarfe, sau biyu. Kwas, kwas. Ba na ƙofa ba ne, ba na tukunya ba. Duk wanda ya taɓa goya tukunyar iska ya shiga ƙarƙashin teku ya san wannan ƙarar.

Na zaga bayan gida. Guza ɗaya a kan katanga, da jakin nan mara ubangida da ke cin furen Soraida. Shi ke nan.

Laraba, 1 ga Mayu

Bari in rubuta sau ɗaya, ko zai bar ni.

A ƙarƙashin ruwa ba baki, saboda haka in kana son abokin nutsonka ya waiwayo sai ka buga wa tukunyarka ƙarfe. Mutane suna sayen sandar da aka yi don haka. Douwe ya ce ba zai ba da dala ashirin don guntun ƙarfe ba, ya huda ƙaramin cokalin shayi ya ɗaura masa igiya. Tsakaninmu bugu biyu na nufin zo ki gani. In matsala ce, bugu ba tsayawa. Shekara da shekaru muna haka, kuma matsala ba ta taɓa zuwa ba. Zo ki gani kuwa, Allah ya yi yawa da shi. Mutumin nan zai kira ki don ki kalli dodon-koɗi.

Ranar da abin ya faru muna kudu, daura da tsaunukan gishiri. Ruwan bai da zurfi, muna kan hanyar fita. Ya buga sau biyu. Na waiwaya, hannunsa a miƙe yana nuna wani abu a gindin murjani. Amma idonsa na fara gani a cikin gilashin nutso, kuma idon ba nasa ba ne. Na cafko shi na yi sama da shi, na jawo shi bakin gaɓa, mutane suka taru. Likita ya ce zuciya ce, ko a kujerar falo yake da ta tsaya. Na yarda da likita, ban taɓa ɗora wa kaina ba.

Abin da ya tsaya min daban ne. Sau biyu ya buga. Ba taimako ya nema ba, wani abu yake so in gani, kuma ban duba ba. Har yau yatsan nan a miƙe yake.

Tun ranar ban shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba. Marrit ce ta matsa a dawo, wai zai yi min magani. Ni na yarda ne don a ƙyale ni. Ban ɗauka Jildou da gaske take zancen nutso ba.

Alhamis, 2 ga Mayu

Jildou ta gano shagon a buɗe yake ran Talata. Ta je da ƙafa ta yi magana da mai koyarwa, wani Edsel. Ya ce karatun ta riga ta gama shi ta waya tun a gida, saura kwana uku a ruwa, kuma lallai ta fara ran Litinin, don ba a hawa jirgin sama da zarar an fito daga nutso. Na ce to, Litinin da sauran lokaci, bari in ga yadda lissafi zai kaya.

"Wane lissafi? Nawa daban yake."

"Lalita ɗaya ce, ƙawata. Ba ta san naki da nawa ba."

Da yamma mun je bakin ruwa su yi iyo. A nan ba a kulle mota a gaɓa, ana sauke gilasai a bar ta wayam, don kada ɓarawo ya fasa a banza. Na ce ni zan zauna in yi gadi. Jildou ta leƙo ta taga tana ɗigar ruwa.

"Kaka, me kike gadi? Silifas ɗina? Ai ɓarawo in ya zo ke kaɗai zai samu, kuma gobe zai dawo da ke."

Na yi dariya, don ta iya. Amma idona na kan bututun numfashinta duk lokacin da take ruwa. Sau ɗaya ta nutsa ta ɗan jima, na tsinci kaina tsaye a wajen mota ba takalmi, a kan tsakuwa mai zafi.

Marrit ta ce ta biya mana kuɗin shiga teku mu uku tun a gida, har da ni. Asara.

Juma'a, 3 ga Mayu

Na tafi kanti ni kaɗai. Naman akuya, jatan lande, man shanu, kwalbar giya biyu ta inabi wadda ba mai sha sai Douwe, cuku (cuku!), inibin da aka ɗauko daga wata duniya. Yarinyar da ke karɓar kuɗi ta ce, "Biki ake yi, Mama?" Na ce e.

Ba zan yi wa littafin nan ƙarya ba. Na san abin da nake yi. Ina tura keken kanti ina lissafi a zuci, ba na abin da zan rage ba, na abin da zan ƙara har ɗari huɗu da ashirin ta kasa fita. Ni da nake wanke ledar burodi in shanya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, na sani. Amma in za ta tsane ni tana numfashi, ta tsane ni.

Firji ya ƙi rufuwa, na tokare shi da kujera.

Na sake ji da rana. Sau biyu.

Asabar, 4 ga Mayu

Asiri ya tonu, da ma ba asiri ba ne mai tsawon rai.

Jildou ta ce a ba ta kuɗinta ta kai wa Edsel kafin Litinin. Na ce bari in gama wanke-wanke. Marrit ta ɗauko lalitar daga jakata ta zazzage a tebur. Ba ta taɓa yi ba ko ubanta yana raye. Ta ƙirga sau biyu. In an cire man mota da ɗan abin da za mu riƙe na hanya, ko rabin kuɗin yarinyar bai rage ba.

"Mama, ina suka tafi?"

Na nuna firji. Na fara zancen tsada, zancen jirgi, ta ɗaga min hannu.

"Ke? Ke da kika sa muka raba ƙwai ɗaya mu biyu muna yara? Ki gaya wa wani."

Na ce in ta ga dama ta ciro kati. Mugunta ce, don na san katin babu komai a ciki. Fuskarta ta yi ja ta ce, "Kin san ba ni da shi." Ta ce kuma ko tana da shi ba za ta saya wa 'yarta abin da 'yar ta riga ta saya da farcenta ba.

Jildou ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta buɗe firji ta tsaya tana kallo, sanyin na fitowa. Ta ɗauko ledar jatan lande ta juya ta karanta farashi.

"Wannan kwana ɗaya da rabi ne a rumbu," in ji ta. Ta mayar, ta tura kujerar yadda take, ta shige ɗaki.

Marrit ta ce a hankali, "Baba ya mutu a ruwa, Mama. Ba ruwa ne ya kashe shi ba. Kuma ki daina saya masa burodi."

Ba wanda ya ci abincin dare. Ga abinci kamar a yi kuka.

Lahadi, 5 ga Mayu

Ba mai yi min magana sai ta dole.

Da hantsi na shiga ɗakinsu kwashe tawul. A kan gadon Jildou ga gilashin nutsonta, ga littafin karatun nutson duk ta zane shi da biro, ga kuma cokalin. Igiyar nan shuɗiya da Douwe ya ƙulla da kansa. Na ɗauka ya ɓace a gaɓa ranar, ashe yana cikin akwatin kayansa da aka maido, Marrit ta ba ta.

Jildou ta shigo ta same ni riƙe da shi.

"Ajiye min. Ko shi ma za ki kai kanti?"

Na tambaye ta ko ita ke buga shi a gidan nan. Ta ce sau ɗaya, jiya da safe, a tukunyar gas, don ta ji yadda ƙararsa take. Na ce Talata fa? Juma'a fa? Ta dube ni kamar na zare. Talata suna Rincon, Juma'a suna bakin ruwa.

Ta zauna a bakin gado ta ce, ba tana kallona ba, "Duk shekara in kun dawo sai Kaka Douwe ya ce, in kin kai sha biyar zan nuna miki. Ban san me zai nuna min ba. Ke kin sani, amma ba kya faɗa."

Na ce ni ma ban sani ba. Ba ta gane ba, ban kuma yi bayani ba.

Da la'asar na tsallaka gidan Soraida da makullin mota a hannu. Na ce ta karɓi motarta ta maido min kuɗin kwanakin da suka rage, in za ta iya. Na ce kuma akwai naman akuya da jatan lande da giya, in tana so ta ba ni ko rabin kuɗinsu. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Wietske, kin buɗe kanti ne a gidana ban sani ba?"

Na gaya mata komai. Ta juya makullin a hannunta. Ta ce ranar da aka ɗauko Douwe ita ta wanke kujerar motar nan, kuma ta yi wata guda ba ta bi hanyar kudu ba. "Daga baya na bi. 'Yar'uwata a can take, zan bar ta ne don teku?" Ta ce gobe wasu Jamusawa na son mota, saboda haka kada in ɗauka taimako na take yi. Naman kuma ta taya shi kamar ba ta san ni ba. Na ji daɗin haka.

Bai kai ba. Ta ƙara da sayen cukun da na ƙunso daga gida, mai shekara biyu, wanda nake ji da shi. Da shi ya kai.

Na ajiye kuɗin a ƙarƙashin gilashin nutson yarinyar. Ba don na yarda ba, kuɗinta ne kawai.

Litinin, 6 ga Mayu

Ta fara. Ban je ba. Na wanke firji.

Talata, 7 ga Mayu

Ba mota, sai kekunan Soraida biyu masu tsatsa. Iskar tsibirin nan kullum gaba take busowa, ko ina ka dosa. Muna cin abin da ya rage: kifi da safe, kifi da rana, shinkafa da inibi. Marrit ta ce ko a gidan yari an fi haka tsari. Magana ce dai, ta fara yi min.

Jildou ta dawo da zanen gilashi a goshi, bakinta bai tsaya ba. Edsel ya ce kaza, Edsel ya ce kaza. Wai ya sa ta cire gilashin a ƙasan ruwa ta mayar. Na tashi na kama goge tebur.

"Kaka, ya ce ya san Kaka Douwe. Wai shi ne baturen nan mai cokali."

Da rana na kwanta, na ji. Wannan karon ban tashi na zaga gida ba. Na ce, "Na ji ka." A fili na faɗa, ni kaɗai a ɗaki, tsohuwar banza.

Laraba, 8 ga Mayu

Na je, wai kai mata ruwan sha. Na zauna a kan katakon shagon ina kallon kumfa na tasowa wuri biyu, nata da na Edsel. Duk wanda ya iya ya san numfashin mutum daga kumfarsa. Nata a natse yake, dogo, ba gaggawa. Irin nasa.

Ta fito ta ci jarrabawa. Ta zo ta rungume ni da jiƙaƙƙen kaya, kamar ba ita ce ta kwana biyu ba ta gaishe ni ba.

Edsel ya ce gobe zai kai ta nutso ɗaya kyauta, tukwicin gamawa, ta zaɓi wuri. Ta zaɓi kudu, daura da gishiri. Ba wanda ya gaya mata, ko kuma uwarta ta gaya mata. Ya ce, "Mama, akwai tukunya ɗaya da ta rage cikin kuɗin, an riga an biya. In ba mai so sai in mayar." Ƙarya yake yi, na ga Jildou na taka masa ƙafa.

Na ce zan gani.

Ban yi barcin rana ba, don kada in ji.

Alhamis, 9 ga Mayu

Na shiga. Tukunya an biya, kuɗin shiga teku an biya tun a gida, ba zan bar kuɗi biyu su tafi a banza ba. Dalilin ke nan, kuma shi na gaya wa Marrit.

Dutsen nan mai fenti rawaya yana nan a gefen hanya inda ake ajiye mota. Edsel ya sauke gilasan motarsa. Ya sa na maimaita komai a ruwa mara zurfi tukuna, kamar sabuwa. Na kasa ɗaure bel, Jildou ta ɗaure min, ta duba iskata, na duba tata, yadda ake yi.

"Kaka, in kin ji tsoro ki riƙe ni."

"Ke dai ki kula da kanki, ɗan tsako."

Na riƙe ta.

Ƙasa yana nan. Ban san me na zata ba, wataƙila na ɗauka zan tarar da wurin ya yi baƙi. Murjani ne, da kifaye suna harkarsu, da haske na sauka. Na ji numfashina yana ƙara kamar na mai gudu, daga baya ya lafa. Ban san lokacin da na sake hannunta ba.

Muna kan hanyar fita na ji. Kwas, kwas.

Na ɗauka shi ne, na kasa juyawa. Da na juya, idon na fara nema, ba yadda zan yi. Idon Jildou ne, ya ƙanƙance don dariya a cikin gilashi, cokali na lilo a hannunta ɗaya, ɗayan a miƙe.

Na bi yatsan.

Wani ɗan kifi ne da bai kai ƙaramin yatsana ba, ya leƙo da kai daga rami, da wasu gashi biyu a ka kamar an tashe shi daga barci. Ya dube ni, ya koma, ya sake leƙowa. Don wannan aka kira ni. Na daɗe a wurin har Edsel ya nuna min agogo. Ruwa ya taru a gilashina, na ɗaga kai na fyace shi yadda aka koya mana. Gilashin haya ne, duk yoyo suke yi.

A mota ta ce, "Kin gani?" Na ce na gani, wannan ko miya ba zai yi ba.

Juma'a, 10 ga Mayu

Gobe jirgi. Wanki, shara, mayar da kekuna. Lalita saura 'yan tsabobi, na ba Jildou ta riƙe ta har gida, nauyi take yi min a jaka. In ta ga dama baɗi ma ta riƙe, ni ban ce za a zo ba.

Da rana na kwanta. Fanka kawai, da jakin nan a bayan katanga. Na ɗan jira, sannan barci ya ɗauke ni.

Da yamma na taka zuwa gidan burodi don guzurin hanya. Matar ta saba da ni, tun daga nesa ta fara zuba huɗu a leda. Na ce ta rage ɗaya. Tsada yake yi.